Gajiyar da Ta Kai Ni Abuja

Tun ranar da na dawo daga Abuja gidana bai rabu da mutane ba. Wannan ta shigo ta ce, "Zuwaira, yaya hanya?" waccan ta ce, "Wai da gaske kin shiga jirgin ƙasa?" Masu ƙarfin hali kuma sai su matso, su rage murya, su ce, "To, me likitocin suka gano?" Na ba da labarin nan har na daina lissafi, kuma duk lokacin da na ba da shi sai na kwanta, don doguwar magana ma aiki ce a wurina yanzu. Shi ya sa na ɗauko wani littafin rubuta awo da ya rage a shago, nake cika shafi ɗaya kowace hantsi. Wadda ta iya karatu ta karanta wa wadda ba ta iya ba.

Ga wanda bai san ni ba, ni mai ɗinki ce a Maraɗi, na fi shekara ashirin ina taka keke. Shekara biyu da suka wuce mahaifiyata ta rasu ana saura 'yan makonni sallah, ga kayan mutane jibge a shago. Da zaman makoki ya watse na koma kan keke, ba barcin kirki, ba abincin kirki. Bayan sallah zazzaɓi ya kwantar da ni, maƙogwaro ya yi ciwo, kaluluwa ta fito mini a wuya. Ina cikin murmurewa sai wasu ƙuraje masu ruwa suka feso mini a haƙarƙarin dama, gefe ɗaya kawai, a jere kamar an ɗaura mini rabin ɗamara, suna zafi kamar an ɗora garwashi. Ƙurajen sun bushe, amma ƙarfina bai dawo ba.

Wannan gajiyar ba irin wadda kuka sani ba ce. In na share tsakar gida yau, ba yau zan ji a jikina ba, sai gobe ko jibi in kasa ɗaga hannu. In yi barci in tashi kamar ban runtsa ba. Kaina kuwa kamar an cusa masa auduga, har wata rana na yanka leshin amarya da awon uwarta. An yi mini maganin zazzaɓin cizon sauro da na taifot ban san sau nawa ba. Wasu suka ce sammu ne, wasu suka ce iska, wasu kuma, waɗanda ba sa faɗa a gabana, suka ce hutu ne ya yi mini daɗi. Mijina Malam Idi bai taɓa cewa komai ba, amma ina ganin yadda yake kallona da rana tsaka ina kwance, fuskata fes, ba rama ba komai. Ni kaina wani lokaci sai in tambayi kaina ko lalaci ne ya same ni da girma.

Ƙanena Sani, mai haɗa wutar sola a Abuja, shi ya matsa sai na je. Ya ce maƙwabciyarsa ma'aikaciyar jinya ce, kuma ta san wata likita da ke duba masu irin wannan larura. Da aka zo maganar rakiya sai yayar mijina, Yaya Rabi, ta ce ita ce za ta je. 'Yar kasuwa ce, turare da atamfa take sarowa, hanyar Najeriya kamar tsakar gidanta take. "In Abuja ce a je," in ji ta, "amma ni na san da hannu a cikin abin nan." Ta cika wata farar jarka da jiƙon da ta daɗe tana ɗura mini, ta ɗaure bakin da leda.

Mun bar Maraɗi da sassafe. A kan iyaka, bayan mun wuce Ɗan Isa, aka ce kowa ya sauko a duba takardu da kaya. Layin bai yi tsawo ba, amma tsayuwa ita ce babbar abokiyar gabata, sai na zauna a kan jakata ina matsawa da ita kaɗan-kaɗan. Da aka zo kanmu wani jami'i ya ɗaga jarkar, ya kwance ledar, ya shinshina.

"Hajiya, wannan fa?"

"Magani ne, na marar lafiyar nan."

"Ana sha?"

"Ana sha mana! Safe da yamma."

"To, bismillah, ɗan kurɓa in gani."

Yaya Rabi ta ɗaga jarka cikin isa ta kwankwaɗa. Jama'a, da kun ga fuskarta! Idanu suka kawo ruwa, baki ya karkace, ta dafa kafaɗata tana tari. Ashe wata shida tana ba ni abin nan ba ta taɓa ɗanɗanawa ba. Jami'in ya miƙa mana takardunmu yana danne dariya, ya ce Allah ya sawwaƙe. Tsakanin Jibiya da Katsina sau biyu ta sa direba ya tsaya ta nufi bayan gari da buta. A Katsina muka sauka gidan wata ƙawarta, kuma da muka tashi tafiya na ga jarkar a bayan ƙofa. Ban tuna mata ba, ita ma ba ta waiwaye ta ba.

Kwana biyu muka yi a gidan, don ni na kasa tashi washegari. Daga nan muka shiga motar Kaduna, aka kama mini kujerar gaba ni kaɗai in samu wurin miƙe ƙafa. Abin da na gane a motar nan shi ne duk inda Bahaushe yake likita ne. Kafin mu kai Zariya an rubuta mini magani ya fi kala goma. Wani malamin makaranta ya ce zuma da habbatus-sauda, wata mai goyo ta ce ganyen gwanda, direba ya ce shi dai a ganinsa in ci hanta gasasshiya kwana bakwai. Na yi ta cewa, "To, Allah ya saka," idona a rufe.

Daga Kaduna Sani ya riga ya yanka mana tikitin jirgin ƙasa ta waya. A tashar akwai tafiya mai ɗan tsawo daga ƙofa zuwa inda jirgi yake tsayawa, ga matakala. Wani ma'aikaci ya ga ina jingina da bango sai ya turo keken guragu. Na ƙi hawa. Ƙafafuna biyu lafiya lau a ido, yaya za a yi a tura ni ana kallo? Sai da na ga jirgin zai bar mu sannan na zauna, na ja mayafi na rufe fuska. Ba wanda ya ko kalle ni, kowa sauri yake. A cikin jirgin kuma sanyin na'ura ya kama mu, Yaya Rabi ta ciro sabuwar atamfa daga kayan da ta ce tsaraba ce, muka lulluɓa tare kamar 'yan biyu. Ban da sanyin nan, a duk tafiyar babu inda jikina ya ji daɗi kamar jirgin, ba gargada ba birki, ƙasa sai ƙara kore take yi muna gangarawa kudu.

A Kubwa muka sauka, nan Sani yake zaune da matarsa Maryam, a wani gida mai ɗakuna da yawa, kowa da yarensa. Mai gidan Bayarabe ne, kowa oga yake ce masa. Abin da ya fara ba mu mamaki shi ne tun kafin gari ya gama wayewa gidan ya watse, maza da mata sun tafi neman motar shiga cikin birni, ba za ka sake ganinsu ba sai magariba. Ita kuwa gaisuwa, kalma biyu ce a tsaye, mutum yana tafiya yana ɗaga maka hannu. Mu da za mu tambayi gida da yara da gajiya da sanyi da kwanan baƙunta! Yaya Rabi ta ji haushi ƙwarai, ta ce mutanen nan ba su da zumunci. Ni kuwa a zuciyata daɗi na ji, don gaisuwar minti goma ma ƙarfi take ci.

Da yamma maƙwabciyar nan ta shigo, Anti Rifkatu, mutuniyar Filato, gajeriya mai fara'a, da farin takalmin aikinta a hannu.

"Sannu da zuwa, Yaya. Ka sha hanya! Sani ya ce jikinka ya ƙi."

Na waiwaya ina neman namijin da take wa magana. Maryam ta ƙyalƙyale da dariya ta ce ni ake nufi. Hausar Abuja ke nan, mace "kai", namiji "kai", akuya ma "ya gudu", ga Turanci a tsakiya kamar gishiri. Su kuma dariya suke mana in muka saki irin tamu ta Maraɗi. Kafin mako ya zagayo kowa ya saba da kowa.

Abinci ma sai da muka saba. Sakwara da miyar agushi ta karɓe ni tun ranar farko. Amala ce ta ba Yaya Rabi wahala. Da matar oga ta aiko mana da ita, ta buɗe kwano ta ga tuwo baƙi, sai ta ce a ɓoye kada matar ta ji kunya, tuwonta ya ƙone. Da aka yi mata bayani ta ci loma biyu don kara, daga baya kuma ita ce mai tambaya ko yau an tuƙa. Anti Rifkatu kuma takan kawo mini gwaten acca mai ganye, abinci mai sauƙi a ciki. Fura ce kawai na yi kewa. Sani ya samo mini wata a bakin hanya, an markaɗa ta da inji an sa ƙanƙara, daɗi kam akwai, amma ba ita ba ce.

Ranar zuwa asibiti muka shiga irin ƙananan motocin da suke kira alon, mutum huɗu a baya, muka yi fiye da awa guda a cunkoson babban titi. Aka buɗe mini kati, aka ba ni lamba, muka jira. Likitar mace ce, ba ta kai ni shekaru ba, Hausarta rabi da rabi da Turanci, Anti Rifkatu tana cike mata giɓi. Ta bar ni na yi magana tun daga rasuwar Inna har leshin amarya ba ta katse ni ba. Sannan ta tambaye ni, "Idan kin yi aiki, nan take kike faɗuwa, ko sai bayan kwana ɗaya ko biyu?"

Shekara biyu ba wanda ya taɓa yi mini wannan tambayar. Na buɗe baki in amsa sai hawaye. Ashe akwai wanda ya san haka abin yake zuwa.

Ta duba tabon ƙurajen, ta taɓa wuyana, ta ce, "Da alama a lokacin nan garkuwar jikinki ta yi rauni." Ta rubuta gwajin jini da yawa, ta karanta mini su ɗaya-ɗaya ta nemi yardata, ciwon suga, ciwon hanta, maƙoƙo, ƙarancin jini, da ƙanjamau. Ta ce in dawo bayan kwana uku.

Daga nan ban sake jin komai ba. Ku kun sani, a rediyo in aka ce cuta mai karya garkuwar jiki abu ɗaya ake nufi. Ga likita da bakinta ta ce garkuwata ta yi rauni, ga kuma gwajin ta rubuta. A motar komawa na gama yanke wa kaina hukunci. Na san ni ban san kowane namiji ba sai Malam Idi. To, ke nan daga ina? Shekara ashirin da huɗu muna tare, ban taɓa zarginsa da komai ba, sai ga ni ina tuno duk tafiyar da ya taɓa yi sayen kayan gini. Ya kira ni a waya ranar sau uku ban ɗauka ba. Washegari ma haka. Yaya Rabi kuwa ba halin in gaya mata, ƙanenta ne uwa ɗaya uba ɗaya.

A rana ta biyu da la'asar ina zaune a bakin ƙofa Anti Rifkatu ta dawo daga aiki. Ta dube ni, ta ajiye jakarta, ta jawo kujera 'yar tsugunne.

"Yaya, tun da muka dawo ba ka cin abinci. Mene ne?"

Ta zauna ta zuba mini ido, ba ta da niyyar tashi. Can na ce, "Anti, ki gaya mini gaskiya don Allah. Ciwon nan ne, ko? Na ji ta ce garkuwa."

Ta dafe ƙirji. "Wayyo, laifina ne, ni ya kamata in yi maka bayani! Yaya, garkuwan jiki kowa yana da shi, shi ke tare mana ciwo. Kuma abubuwa da yawa suna rage masa ƙarfi. Baƙin ciki, rashin barci, aiki ba hutu, wani ciwon, har tsufa. Ba ciwon nan kaɗai ba. Gwajin kuma duk wanda ya zo da gajiya mai daɗewa ana yi masa, ko pasto ne ko liman. Ni ban san abin da zai fito ba, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma ko da shi ne, akwai magani, ina da mutanen da suke sha shekara da shekaru, suna aikinsu, suna aurar da 'ya'yansu. Ka ci abinci tukuna."

Ta kawo gwate ta zauna har sai da na cinye.

Sakamako ya fito, babu ƙanjamau, babu suga, hanta lafiya, babu maƙoƙo, jini ne kawai ya ɗan yi ƙasa. Likitar ta tambaye ni ko na yi ƙarambau ina yarinya. Na ce wa bai yi ba? Ta ce to ƙwayar cutar da ke kawo shi ba ta barin jiki bayan an warke, sai ta lafe a cikin jijiyoyi ta yi shekaru ba motsi, garkuwar jiki tana danne da ita. Ranar da garkuwar ta yi sanyi sai ta farka ta bi jijiya ɗaya ta fito fata, shi ne ƙurajen da suka yi mini rabin ɗamara. Ta ce akwai wata ƙwayar kuma mai kawo zazzaɓi da ciwon maƙogwaro da kaluluwa, ita ma haka take kwanciya a jikin mutane da yawa ba su sani ba, kuma jinina ya nuna na taɓa haɗuwa da ita.

"Su ne suka kawo gajiyar?" na tambaya.

"Ba zan iya rantse miki ba," in ji ta. "Ciwon gajiyar nan sananne ne, yakan biyo bayan irin rashin lafiyar da kika yi. Masu bincike suna zargin farkawar ƙwayoyin nan tana da hannu a wasu mutanen, amma har yanzu ba a gama gane shi ba. Abin da na tabbata shi ne ciwo ne na gaske. Ba lalaci ba ne, ba taɓin hankali ba ne."

Ta ce babu allurar da za ta ɗauke shi. Wasu suna samun sauƙi a hankali, wasu suna daɗewa da shi. Ta ba ni maganin ƙarin jini da na zafin jijiyar da ƙurajen suka bari, sannan ta ce babban maganin yana hannuna: in san iyakar ƙarfina na kowace rana, in tsaya tun kafin in gaji, in raba aiki ƙanana-ƙanana da hutu a tsakani, musamman ranar da na ji garau, don ranar ce mai yaudara.

A layin karɓar magani na zauna kusa da wani dattijo, Baba Dauda, manomin doya daga Yangoji, wani ƙauye a yankin Abuja. Ya ga ina shafa haƙarƙari sai ya ɗaga gefen rigarsa ya nuna mini tabo irin nawa sak, a hagu. Ya ce shi ma tun da abin ya same shi ƙarfinsa ya ragu. "Da ina yin kunya ɗari kafin rana ta take," in ji shi, "yanzu in na yi goma sai in zauna ƙarƙashin mangwaro in kalli yara suna yi. Da farko kunya nake ji, yanzu kuwa ni ne mai cewa wannan ta karkace." Matarsa ta zo ɗaukarsa da ƙullin kaya a kafaɗa, ba a ka ba. Yaya Rabi ta zungure ni. Anti Rifkatu ta ce su Gbagyi ne, 'yan asalin yankin, haka matansu suke yi, a wurinsu kai ya fi ƙarfin a ɗora masa kaya.

Muna fita na kira Malam Idi. Na gaya masa sakamakon, sannan na daure na gaya masa dalilin da ya sa ban ɗauki wayarsa ba.

"Zuwaira," ya ce, "ni nan kwana biyu ina tunanin sun ce miki mutuwa za ki yi kina ɓoye mini. Da kin tambaye ni ai da na amsa miki."

Na ce ya yafe mini. Ya ce ya yafe, amma in na dawo sai na biya da dambu.

Murna ce ta ja ni ga kuskure. Washegari na tashi jikina sakayau, Yaya Rabi ta ce tun da an ce ba komai, mu shiga babbar kasuwar cikin birni mu ga kaya. Na manta da gargaɗin likita tsaf. Ga yadduka irin waɗanda ban taɓa gani ba, ga kekunan ɗinki masu aiki da wuta, na yi ta shiga shago ina fita, ina taɓa wannan ina murza wancan, tun hantsi har bayan azahar. Yaya Rabi tana ta cewa, "Kin gani? Dama tsoro ne, ga shi kin warke!" Ni ma na yarda.

Washegari na tashi da ɗan nauyi. Rana ta biyu kuwa na kasa ɗaga kaina daga matashi. Hasken taga yana soka mini ido, ƙarar cokali a kwano kamar ana buga ƙarfe a kunnena, in aka yi mini magana sai kalmomin su tarwatse kafin in haɗa su. Sallah ma a kwance na yi ta. Kwana huɗu ina haka. A gida in irin wannan ta same ni Yaya Rabi labari kawai take ji, in ta zo dubiya ta tarar na ɗan farfaɗo na zauna. Wannan karon ɗaki ɗaya muke, a kan idonta aka yi komai. Ita ta riƙa tallafo ni, ita ta riƙa ba ni kunu a baki, ta rataya zanenta a taga don ta tare haske. Matar da ba ta iya magana a hankali ba, sai ga ta tana raɗa.

A rana ta huɗu da hantsi, tana goge mini fuska da tsumma mai ɗumi, ta ce, "Zuwaira, ni na ja ki kasuwar nan."

Na ce, "Da ƙafata na je, Yaya."

"Ba shi ke nan ba. Akwai abin da ban gaya miki ba. Ni ce na ce wa Idi ya daina biye miki, na ce ko sammu ne ko kuma kin ga wuri ne kin kwanta. Na biyo ki ne ma don in ga ƙarshen abin da idona. To, na gani. Ki yafe mini don Allah."

Na kama hannunta na riƙe. Ta ɗauki waya ta fita tsakar gida, ina jin ta tana ce wa ƙanen nata, "Duk wanda ya sake cewa yarinyar nan lalaci take, ka turo mini shi." Ina da shekara arba'in da biyar, amma a bakinta har yau yarinya ce ni.

Mun ƙara mako uku a Kubwa kafin in iya hanya, kuma su ne kwanakin da na fi jin daɗi. Na fara koyon auna kaina. Wanka a zaune a kan kujera, sannan hutu. Tsintar shinkafa da Maryam, sannan hutu. Wani mai shayi ɗan Tasawa da ke bakin layi ya ji muna magana ya gane mu, kullum da safe sai ya leƙo mu yi gaisuwa irin ta gida, amma Yaya Rabi ta yanka masa minti biyu. Wata rana Anti Rifkatu ta kawo rigar zumuntar matan cocinsu da wani tela ya ɓata mata, hannu ɗaya ya fi ɗaya. Na shimfiɗa ta a tabarma, na warware, na gyara yankan a zaune cikin kwana uku, kaɗan-kaɗan, Maryam ta kai aka bi da keke. Da ta saka ta dawo daga coci ta ce mata huɗu sun tambaye ta telanta. Ranar na gane ba a ƙafata sana'ata take ba, a ido da almakashi take. Na yanke shawarar in na koma ni zan riƙa awo da yanka, wasu mata biyu da suka koya a hannuna su yi ɗinki. Sani kuma ya ce zai zo ya sa wa kekena ɗan injin wuta mai aiki da sola, in daina takawa.

Dawowa ta hanyar da muka je muka bi, sai dai wannan karon da aka turo keken guragu a tasha na hau ba tare da na rufe fuska ba, kuma mun yada zango sau biyu da gangan. Ban warke ba, kada wata ta ce na ce na warke. Akwai ranakun da har yanzu ba na fita ƙofar ɗaki. Amma na san sunan abin da ke damuna, na san abin da ke tayar da shi, kuma na daina jin kunyarsa.

Ranar da muka iso gida ya cika maƙil da masu barka da zuwa. Na zauna a tsakar gida ina amsa gaisuwa, ina raba 'yar tsarabar doya da man ja. Bayan kamar rabin awa na ji alamar nan da na koya ganewa, nauyi a bayan ido, magana tana fara yi mini nisa. Tun da nake ban taɓa tashi na bar baƙo a zaune a gidana ba. Na dubi matan nan, har da waɗanda suka girme ni, na ce, "Ku yi mini haƙuri, zan ɗan kwanta."

Sai Inna Hajara, tsohuwar da ke maƙwabtaka da mu, wadda ƙawar mahaifiyata ce, ta matsa gefe ta buga tabarmar da take kai da tafin hannu.

"Kwanta nan kusa da ni, 'yar nan. Mu ba wurinki kaɗai muka zo ba, hira muka zo yi."

Na kwanta na ɗora kaina a cinyarta. Suka ci gaba da hirarsu ƙasa-ƙasa, Yaya Rabi tana ba su labarin tuwon da ta zaci ya ƙone, ni kuwa na lumshe ido ina jin su har barci ya ɗauke ni.